Sabon shagon kayan ɗaki na Garwa: labulensa na da kyau, amma a lura da kantar ƙasa

Sana'ata jere. Tun da na ajiye alli, bayan shekarun da na yi ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a sakandare, da shi nake ci: iyayen amarya su damƙa mini kuɗi da makullin ɗaki, in mayar musu da shi wurin da dangin ango za su shiga su rasa ta cewa. Babu shagon kayan ɗaki a Garwa, nan arewacin Kamaru, da ban san ƙurarsa ba, shi ya sa mata kan tsare ni a gidan biki su ce, "Hajja, ina za mu nufa bana?" Kwanan nan tambayar duk a kan shago ɗaya take, sabon nan mai ƙofar gilashi da ke kusa da babbar kasuwa. Ba zan kama sunansa ba, don maganata akwai ƙorafi a ciki, kuma yaron da ke da shi ɗan mutunci ne. 'Yan gari dai sun gane wanda nake nufi.

Inda ya fi kowa shi ne labule. Yadinsa mai nauyi ne, ga shafi a baya, irin wanda ke tare ranar Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40 har ɗakin amarya ya gagari zama da azahar. Mita ɗaya daga sefa 4,500 zuwa 9,000. Su ne za su zo su auna taga, telansu ya ɗinka, yaronsu ya kafa sanda, kuma ban taɓa ganin sandar da suka kafa ta karkace ba. Kafet ɗinsa kashi biyu ne, na Turkiyya da na Cana, kuma in kin tambaya zai gaya miki gaskiyar wanne ne wanne, abin da ba kowane ɗan kasuwa ke yi ba. Kuloli da farantai kuwa irin na cikin kasuwa ne sak, sai dai a nan kina biyan kuɗin sanyin na'ura da kuɗin gilashi. Agogon bangonsa kyan ɗan maciji ne: zubi kamar na fada, inji na banza. Furen roba ma ban ba ki shawara ba, sai in kina da yarinyar da za ta riƙa wanke shi duk lokacin hunturu.

Farashi a rubuce yake jikin kowane kaya, ciniki kaɗan ne, iyaka ya rage miki kuɗin mai moto. Ana ba da rasit, ana karɓar Orange Money da MoMo. Yaran shagon suna jin Fulatanci da Faransanci da Hausa, ɗaya ma yana jin Larabcin Shuwa, shi ya sa matan Injamena da na Kuseri ke cika wurin in sun sauko sayayyar aure.

To, ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. In kin shiga, dubi bangon dama. Can sama, inda hannu ba ya kaiwa sai da tsani, an jera allunan Ayatul Kursiyyu da na sunayen Allah 99 da hoton Ka'aba. Gefensu, a sama su ma, gicciye ne da hoton Nana Maryamu don abokan zamanmu Kirista, kowanne cikin ledarsa, ba ƙura. Sai ki sauke ido ƙasa, kantar da ke daidai idon sawu, tsakanin tabarmin goge ƙafa da ma'ajiyar takalma. Nan na fara tarar da an zube siffofin Budda. Akwai kai zalla ba jiki, wani ruwan toka wani ruwan zinare. Akwai kan da aka fafe ƙoƙonsa don a dasa fure a ciki. Akwai mai zaune ya naɗe ƙafafu, hannunsa na dama yana taɓa ƙasa, da gurbin turare a gabansa. Akwai mai famfo, ruwa na gangarowa ta gefen fuskarsa. Akwai kuma ƙato mai tumbi yana dariya da buhu a kafaɗa. Ƙananan daga sefa 6,000, mai famfon 35,000.

Yaran shagon "madam mai barci" suke ce wa mai kan nan, kuma yawancin masu saye a haka suka ɗauke shi: wata Ba'indiya ce ta yi doka ta lumshe ido. Ba mace ba ce, kuma ba barci ake ba. Siffar Siddata Gotama ce, wato Budda, ɗan sarkin da aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nefal ta yau, kimanin ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Shi ne ya bar fada da mata da ɗa ya shiga neman maganin wahalar duniya, kuma addinin da ya bari yau mutane miliyan ɗaruruwa ne ke binsa, daga Siri Lanka zuwa Tailan zuwa Jafan. Tudun da ke tsakar kansa alamar cikar hikima ce a wurinsu. Dogayen kunnuwan nan na tuna nauyin 'yan kunnen sarauta da ya tuɓe ya yar. Hannun da ke taɓa ƙasa kuwa labarin daren da ya zauna gindin bishiya a Bod Gaya ne, a jihar Bihar ta Indiya, inda suka ce ya kira ƙasa ta yi masa shaida. Wato babu wani lungu a jikin abin nan da aka yi shi don ado kawai. Shi kuma mai tumbin ba Gotama ba ne sam. Wani mai zuhudu ne ɗan Cana da ake kira Budai, wanda aka ce ya rayu a ƙarni na 10, kuma mutanen can kan ajiye shi kusa da akwatin kuɗi su shafi cikinsa don neman sa'a. Da kunnena na ji wani yaron shagon yana gaya wa wata Hajiya wai wannan yana jawo ciniki. Na ce masa, "Ɗana, in ka ƙara faɗin haka gaban Musulma, sai na haɗa ka da mahaifinka."

Abin da ya kai ni ga mai shagon kansa wani jere ne da na yi a Yalwa. Ƙanwar ango, mai aiki a Yawunde, ta kawo gudummawarta a kwali da kirtani ja, daga shagon nan. Aka buɗe, sai ga mai zaunen nan, da 'yar fitila mai canza launi a bayansa da furen bado na roba a gefe. Ta ɗora shi kan teburin tsakar falo, ta kunna wani dunƙulen turare mai tsini, hayaƙi ya riƙa malalowa ƙasa maimakon ya tashi sama. 'Yan mata suka ɗauki shewa, kowa ta zaro waya. Goggon amarya tana shigowa ta tsaya cak a bakin ƙofa.

"Wannan gunkin fa na wane ne?"

"Goggo, ba gunki ba ne, kaskon turare ne na zamani."

"To ko shi ko ni a ɗakin nan."

Goggo ba ta taɓa jin sunan Budda ba, amma idonta bai yi mata ƙarya ba. Wanda ya shiga wurin ibadar mabiya Budda, abu uku zai fara gani a gaban siffar: fure, da fitila, da turare. Su ne hadayar da ake kaiwa. Masana'antar da ta ƙera wannan kaskon ta haɗa ukun cif a wuri ɗaya, ta sa a kwali, ta turo wa garin da mace ba ta kwana ba ta turara ɗakinta ba. Amaryar da ta durƙusa gabansa kowace magariba ta kunna masa turare, niyyarta ƙamshi ce, babu shakka, amma hannunta na yin abin da mai bauta ke yi a Bankok. Na lallashi ƙanwar ango, wadda ta cika ta yi fam don an kunyata ta gaban mutane, na karɓi kwalin da rasit na nufi shagon.

A nan dole in yaba masa. Ka'idarsa ba a mayar da kuɗi, amma ana musanya, kuma bai ja ni da gardama ba. Ya duba bai fashe ba, ya ba ni madubin bango mai kyau, na cika sefa 2,000. Ya sa aka kawo mini kujera da ruwan sanyi, muka zauna. Ya ce, "Hajja, wallahi karon farko ban ma san da su ba. Wakilina na Iwu ne ya cusa su don cike gurbi a kwantena." Iwu ita ce babbar kasuwar ƙananan kaya ta Cana, inda rabin tarkacen da ke falukanmu ke fitowa. Kwantena ta sauka Duwala, jirgin ƙasa ya kai ta Ngaundare, tirela ta ƙaraso da ita Garwa, aka buɗe, sai ga su. Kafin labule ya motsa sun ƙare. Masu otal sun ɗiba, masu shagon gyaran gashi sun ɗiba, ma'aikatan da aka turo daga kudu sun ɗiba, sai kuma amare da suka ga irinsa a falukan 'yan gayu a TikTok. Ɗan kasuwa kuwa abin da ya fita shi yake sake saro wa.

Na ce to me ya sa Ayatul Kursiyyu ke sama, gicciye ke sama, wannan kuma ke wurin takalma? Ya yi dariya ya ce ai masu shi ba sa garin nan. Wannan amsa ita ta fi tsaya mini a rai, don ta nuna ya san darajar kayan addini sarai, na wanda zai iya shigowa ya yi masa faɗa. Mu da muka tayar da jijiyar wuya a 1997, har kamfanin Nike ya janye wasu takalma saboda zanen da ke jikinsu ya yi kama da sunan Allah, bai kamata a ce sai mai abu na tsaye sannan za mu ɗaga abinsa daga ƙasa ba.

Ƙanena yana zuwa Bankok saro tufafi, kuma tun tafiyarsa ta farko ya ba ni labarin manyan alluna da ke kan hanyar filin jirgi, da Turanci, suna gaya wa baƙi Budda ba kayan ado ba ne, kada a saya don ƙawata ɗaki, kada a zana a fata. Wata ƙungiya mai suna Knowing Buddha ce ke kafa su. A dokar Tailan ma ba a fitar da siffar Budda daga ƙasar haka kawai, sai da takardar izinin hukumar kula da kayan tarihi. A can ba a miƙe ƙafa ta fuskanci siffar, ba a ajiye ta ƙasa da inda mutum ke zama, ba a kai ta kusa da bayi, ba a dafa kanta. Wasu ƙasashen sun fi haka zafi. A 2010 Siri Lanka ta hana mawaƙin nan Akon, ɗan asalin Senegal, bizar shiga, saboda wani bidiyo da mata ke rawa da kayan wanka ga siffar Budda a bayansu. A 2014 ta kori wata Baturiyar Ingila saboda zanen Budda a dantsenta. A 2015 wata kotu a Miyanma ta yanke wa wani ɗan Niyu Zilan da abokan aikinsa biyu ɗaurin shekara biyu da rabi, don sun tallata mashayarsu da hoton Budda sanye da abin jin kiɗa a kunne. Ban ce hukuncin ya yi daidai ba, a ganina ya yi tsauri. Kuma ba duk mabiya addinin ne ke da wannan zafin ba. Da yawansu za su ce maka shi Gotama malami ne ba mahalicci ba, siffarsa tunatarwa ce, kuma in baƙo ya ajiye ta wuri mai tsabta a sama ba su da ja. Amma ko mai sanyin cikinsu ba zai ji daɗin ganin an fafe kan malaminsa an cika da taki ba.

Mai shagon yana da hujja ɗaya da ya ji a wani wuri ya riƙe: "Ai kai ne kawai, Hajja. An ce in siffa ba ta cika ba, babu laifi." Na kai wa Modibbon unguwarmu maganar. Ya ce gaskiya ne malaman Malikiyya sun bambanta siffa mai inuwa wadda ta cika gaɓoɓi da wadda ba ta cika ba, sun kuma yi rangwame ga 'yar tsanar yara. Ya tuna mini abin da muka karanta a ƙarshen Risala, inda aka karhanta siffofi a jikin gado da bango da zobe, aka ware zanen da ke jikin tufa. Amma ya ce duk wannan sassauci bai shafi abin da wasu ke durƙusa wa ba, kuma a hadisin da Mala'ika Jibrilu ya ƙi shiga gida saboda mutum-mutumi, kan aka ce a cire ya koma kamar bishiya. Mu kuma jikin muka jefar muka riƙe kan. Na ce, "Allah gafarta Malam, wadda ta riga ta saya fa?" Ya ce ta fitar da shi daga gidanta, amma ba da zagi ko izgili ba, ya karanto ayar nan ta 108 a Suratul An'am da ta hana zagin abin da wasu ke kira. Ni kuma na ƙara da nawa: kada a ba yara su yi ƙwallo da shi a layi, kada a jefa shi kwata. A mayar shago, tunda yana karɓa.

Wannan kan da ba jiki, a matsayina na wadda ta koyar da tarihi, ya fi komai sosa mini rai. Masu addinin ba su saba sassaƙa kai shi kaɗai don ibada ba. Yayin ya samo asali ne daga sata. Birnin Ayuttaya na Tailan, wanda rundunar ƙasar Bama, Miyanma ta yau, ta ƙona a 1767, cike yake da siffofi a zaune ba kawuna, kuma da yawa ɓarayi ne suka sare daga baya, don kai ya fi sauƙin ɗauka da sayarwa ga masu tara kayan tarihi. A Borobudur ta Indunusiya, inda aka jera siffofi 504, da dama haka suke, kawunansu na gidajen tarihin Turai. Attajiran can suka ɗora su kan teburi, abin ya zama alamar wayewa, masana'antu suka kwaikwaya da roba, har ya iso kantar ƙasa a Garwa. Mu 'yan Kamaru mun san wannan ciwon. Mutanen Nso sun yi shekara da shekaru suna bin Jamus a kan Ngonnso, siffar uwar da ta kafa masarautarsu, wadda wani hafsan mulkin mallaka ya ɗauke, sai a 2022 hukumar gidajen tarihin Balin ta amince a mayar. 'Yan'uwanmu na Cadi ma sun san yadda kayan yumɓun mutanen Sawo na bakin tafki suka watsu a duniya. Wani abin da ɗalibaina kan yi mamakinsa kuma: mabiya Budda na farko sun yi ɗaruruwan shekaru ba su zana shi da siffar mutum ba, sai sawun ƙafa, ko kujera ba kowa, ko bishiya. Sai wajen ƙarni na 1 bayan Annabi Isa aka fara sassaƙa fuskarsa a Gandara, cikin Fakistan ta yau, da Matura ta Indiya.

Ko a ajiye maganar addini gefe, kayan ba su da inganci. Ba dutse ba ne, ba tagulla ba, wata roba ce mai tauri, cikinta holoƙo, kina ɗagawa za ki ji ba nauyi. Ruwan zinaren fenti ne, wanda na gani a wani shagon kitso da ke fuskantar rana har ya fara ɓarewa a hanci. Kaskon ba ya ɗaukar garwashi, in kin sa zai narke, don haka turarenmu na kajiji da hawi da sandal, wanda matan Cadi suka fi kowa iya haɗawa, ba shi da gurbi a cikinsa. Sai dai ki yi ta sayen dunƙulensu, mai warin ƙonannen kwali, wanda ke barin wani mai-mai ruwan ƙasa a kan tebur. Mai famfon kuwa in wuta ta ɗauke ruwan ya tsaya, ki samu gidan sauro a tsakar falo, ga ƙura na toshe injin. Wanda ke da sefa 35,000 na ado ya ba wani mai zuwa Marwa saƙo ya shiga kasuwar masu sana'ar hannu, ya zo masa da tumtum na fata biyu da faifai masu launi, ko ya nemi ƙwaryar da matan Fulani suka yi wa zane. Kaskon yumɓu kuma yana nan a bakin kasuwa, kuɗinsa bai kai na kwalin wancan ba. In duk babu, a bar teburin haka nan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abu biyu na roƙi mai shagon. Ya ɗauke su daga wurin takalma, kuma ya liƙa 'yar takarda da Faransanci da Hausa da ke faɗin ko siffar wane ne, don wadda za ta saya ta saya da saninta. Ban ce ya daina sayarwa ba, wannan tsakaninsa da Allah ne da malamansa, kuma garin nan ba na Musulmi kaɗai ba ne. Na farkon ya yi: da na koma ɗaukar labulen wata amarya na tarar an hau da su kanta ta uku, kusa da tulunan fure. Takardar dai shiru, kuma na ga dalili, don ranar da aka rubuta "Budda" a jiki rabin amaren nan ba za su ƙara taɓawa ba. Kan da aka fafe don shuka ma yana nan, wanda shi na fi so ya ɓace gaba ɗaya.

Don haka masu tambayata, ku je, labule da kafet da madubi ba za ku yi da-na-sani ba. In za ku sayi kayan gudummawa a kwali, ku sa a buɗe gabanku, kada ku yarda da hoton da ke bayan kwalin ko da sunan da yaran suka laƙaba wa abu. Ku riƙe rasit, don ba a musanya sai da shi. Ranar Juma'a suna rufewa tun kafin azahar, ba sa buɗewa sai bayan la'asar. In kuma za su zo kafa sandar labule, ku tabbatar akwai wuta a unguwarku ranar, don na'urar huda bangonsu ba ta batir ba ce, kuma yaron ba ya dawowa sau biyu kyauta.